Neman Gudunmawa ta Waya da Imel: Jawabin Sakatare a Taron Rassan Nguru da Gashuwa



An ce in yi magana a kan neman taimako ta waya da imel. Ni dai ajin yaƙi da jahilci na yi, da girmana na koyi riƙe biro, saboda haka abin da na gani a littafin ƙungiya zan faɗa.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 kakannin wasunmu suka zo cinikin gyaɗa da ƙaro da fata, suka zauna. A nan aka haife mu, amma har yau akwai mai ce mana baƙi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 40 kuma ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya. Duk da haka, lokacin ambaliyar 2022 da ta ci gidaje a Gashuwa, wasunmu sun je wurin rabo an tambaye su takardar asali. Ƙorafin nan ba mu bar shi ba. Amma kafin a amsa takarda, wanda ɗakinsa ya rushe yana buƙatar tabarma yau. Ga kuma ciwon ƙoda da ya addabi Bade da Jakusko da Nguru. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so ya yi a mako, kuɗin mota zuwa Damaturu kaɗai ya isa ya ƙarar da jarin mutum.

Da, faranti muke zagayawa da shi. Yanzu 'ya'yanmu suna Kano da Abuja da Legas, wasu suna Saudiyya, farantin ya koma cikin waya. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi tura kuɗi ta wurin mai POS.

To ga inda muka yi kuskure. Akwai lokacin da muka sa lambar asusun mutum ɗaya a saƙon neman taimako. Mutumin kirki ne, bai ci ko kwabo ba, amma kuɗin jama'a ya haɗu da na shagonsa, aka kasa rabewa, zumunci ya kusa lalacewa. Ra'ayina, kuɗin ƙungiya ya shiga asusu mai sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire. Wannan yana buƙatar rajistar amintattu a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Akwai wahala da kuɗin lauya, amma ƙungiyoyin agaji ba sa tura kuɗi asusun mutum.

Shi saƙon ya zama gajere. A faɗi abin da ya faru, nawa ake nema, me za a yi da shi, ranar da za a rufe, da lambar wanda za a kira a tabbatar, don 'yan damfara suna kwafar saƙo su canza lambar asusu. "A taimaka don Allah" kawai ba ya motsa mutumin da ke samun irinsa goma a rana. Imel na ma'aikata ne da ƙungiyoyi, a rubuta abin da ake nema a kan taken, a haɗa da takardar rajista. Iyayenmu mata kuwa saƙon murya a WhatsApp ya fi isa gare su.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto. Ana ɗaukar mara lafiya a kan gado, jikinsa a kumbure, a watsa a Facebook ba a tambaye shi ba. Talauci bai cire masa mutunci ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kariyarsu. A nemi yardarsa ko ta iyalinsa. In ya ce a ɓoye suna, a ɓoye. Haka lambobin masu bayarwa, ba namu ba ne da za mu miƙa wa ɗan siyasa.

Bayan an rufe kuma a koma wa mutane da bayani: ga abin da ya shigo, ga rasit, ga saura. Na lura wanda aka yi wa godiya da lissafi, shi ne ke fara turowa a karo na gaba, ko da dubu ɗaya ce.

Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi. Duk mai ɗa ko ƙani a wani gari, ya tambaye shi tukuna, in ya yarda a kawo mana lambarsa kafin taron wata mai zuwa a Gashuwa.