Lacca Game da Yaro Mai Galahanga da Yaro Marar Natsuwa

Akwai lalura iri biyu da kan sami yara tun suna ƙanana, waɗanda jama'a kan ɗauka iskanci ne ko kuwa shafar aljanu. Ta fari ita ce galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana ta cikin 1943, bayan ya duba yara 11. Mai ita yakan yi jinkirin magana, ba ya son haɗa ido, a kira sunansa bai waiwaya ba, ya kuma dage kan abu guda yana ta maimaitawa. Sau da yawa alamunta kan fito kafin shekara 2. Ta biyu ita ce ADHD, watau rashin natsuwa mai tsanani, wadda ke samun kimanin yara 5 cikin 100. Mai ita ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya gama abin da ya fara, a gida da makaranta duka.

Dukansu daga yadda ƙwaƙwalwa ta tashi suke, gado kuma yana da hannu ƙwarai. Laifin uwa babu a ciki. Allurar rigakafi ma ba ta kawo galahanga. Rubutun da ya yi wannan zargi a Ingila cikin 1998 an janye shi cikin 2010.

Ƙaramin asibitin gari shi ne ƙofar farko. Wajibin likita ne ya saurari uwa da haƙuri, gama ita ke kwana da yaron. Ya fara gwada jinsa, domin kurumta ma tana hana magana, ya tambayi barcinsa da ko yana farfaɗiya, sa'an nan ya tura shi wurin ƙwararru, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kada ya sallami iyaye sai ya sa musu ranar dawowa.

ADHD tana da maganin da ke rage ta, amma sai da izinin likita. Galahanga kuwa babu ƙwayar da ke warkad da ita; abin da ke taimako shi ne koyar da magana da wuri, da tsara wa yaro lokacin ci da barci. Malamin makaranta ya zaunar da shi gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya ɗaya. Duka ba ya ƙara masa kome sai tsoro, ɓoye shi a ɗaki kuwa asara ce. Dangi su riƙa karɓar uwa raino, ta sami hutu. Allah ya ba da sauƙi, amin.