Ƙashin Yaro Ba Na Babba Ba Ne

Iyayenmu maza da mata, da 'yan kasuwar da kuka bar rumfunanku kuka taho daga Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, Allah ya saka muku da alheri.

Maganarmu ta yau a kan yaran da ke buga ƙwallo take. Ba mu zo hana su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar duk yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 kullum. Roƙonmu shi ne a ɗora wa kowane yaro daidai ƙarfinsa.

Ƙashin yaro yana ƙara tsawo ne daga wani guringuntsi mai taushi da ke kusa da gaɓoɓi, kuma ba ya gama ƙwari sai bayan balaga. Don haka idan ɗan shekara 12 ya dawo yana kukan ciwo a ƙasan gwiwa ko a diddige, kada a ce raki ne. Sau da yawa jijiya ce ke fizgar wurin da bai nuna ba. Hutu yake buƙata. Kada a ba shi tiramol don ya koma fili, domin ƙwayar ɓoye ciwon take yi, ɓarnar kuwa tana ci gaba. In wurin ya kumbura ko yaron yana ɗingishi, a fara da asibiti kafin a nemi mai ɗori.

Wanda bai kai shekara 10 ba, wasa ne nasa: ƙaramin fili, ƙaramar ƙwallo lamba 3 ko 4, da sa'o'insa. Kada a jefa shi cikin samari don an ga yana da ƙafa. A Amurka, tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, saboda kare ƙwaƙwalwa. Lokacin bazara kuma a bari sai bayan la'asar, a ba yaro ruwa tun bai ce yana jin ƙishi ba.

Saura batun da ya fi cin dukiya. Akwai dillalan da ke zuwa su ce za su kai ɗanku Turai, ku dai kawo kuɗin biza. Ku sani dokar FIFA ta haramta cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Ahmed Musa kansa, bayan ya yi fice a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Wanda ya ce ku sayar da gona ko ku taɓa jarin shago don ɗan shekara 15, ku nemi takardar lasisinsa, ku kai ta hukumar ƙwallon ƙasarku a duba kafin ko sisi ya bar hannunku. Yaron kuma ya ci gaba da zuwa makaranta.