Idan Loma Ta Toshe Numfashi: Jawabi Kan Borin Jini na Abinci



An ba mu damar yin tsokaci a kan wata larura da ba a cika zancenta ba, alhali kuwa tana iya raba mutum da ransa kafin a ɗauko shi daga Ƙofar Ƙaura zuwa asibiti. Larurar ita ce borin jinin da abinci ke tayarwa, musamman idan ya kai ga hanyoyin numfashi.

Asalin abin kuskure ne na garkuwar jiki. A jikin wasu mutane, garkuwar kan ɗauki wani abinci mai kyau a matsayin maƙiyi. Da zarar ya shiga baki, sai wasu ƙwayoyin jiki su saki sinadarin histamin da ire-irensa. A fata, abin da za a gani shi ne ƙaiƙayi da kumburi rudu-rudu. A maƙogwaro kuwa, naman wurin ne ke kumbura har ƙofar iska ta tsuke, sannan ƙananan bututun huhu su matse kamar na mai ciwon asma, hawan jini kuma ya faɗi. Likitoci na kiran wannan mataki anafilaksis, sunan da masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suka raɗa masa a 1902. Sau da yawa cikin mintoci yake tasowa, kuma wanda ke da asma tun asali ya fi kowa shiga haɗari.

Abincin da aka fi kamawa da wannan laifi a duniya su ne gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, jatan lande, alkama, waken suya da riɗi. Ku duba akushinmu. Gyaɗa tana cikin kunu, tana cikin miyar taushe, tana cikin ƙuli-ƙulin da ake dakawa a yajin tsire, tana cikin labun kilishi. Ke nan wanda aka hana wa gyaɗa, ya je ya sayi tsire da daddare yana ganin nama kawai ya ci, bai tsira ba. Awara waken suya ce, kantu kuma riɗi ne. Hatta fara, wadda muke soyawa da yaji, tana da wani furotin irin na jatan lande, don haka wanda ɗayan ke tayar wa bori ya yi hattara da ɗayan. Batun riɗi ba wasa ba ne: a 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodin da aka gasa da riɗi ba tare da an rubuta a jikin ledar ba, abin da ya sa ƙasar ta tsaurara dokar bayyana kayan haɗin abinci a 2021.

Sai dai a bambanta. Wanda nono ke ɓata wa ciki da kumburi da gudawa, galibi matsalar narkewa ce, ba ta taɓa numfashi.

Alamun da muke roƙon iyaye su riƙe su ne kumburin leɓe ko harshe bayan cin abinci, dishewar murya farat ɗaya, tari babu ƙaƙƙautawa, numfashi mai fito, kasa haɗiyar yawu, da jiri ko suma. A nan ne muke yawan ɓata lokaci. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wata ta ɗauko manja ko madara ta ɗura wa yaron da ke fafutukar shaƙar iska, abin ya zarce cikin huhu ya ƙara masa wahala. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Abin shaƙa na masu asma yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba. Maganin farko shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya, kuma ana iya maimaitawa bayan minti 5 idan babu sauƙi. A kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi. A garzaya Babban Asibitin Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko wanda ya fi kusa. Ko ya farfaɗo, kada a yi gaggawar komawa gida, domin borin kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Akwai labari mai daɗi ga iyaye mata. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai abinci mai gyaɗa tun kafin su cika shekara ya rage kamuwa da borinta da kusan kashi 80 cikin 100. Ashe kunun gyaɗar da kakanninmu ke ba yara yana da hujja. Amma kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa guda, don kada ta sarƙe shi, kuma jaririn da ke da ƙyasbi mai tsanani ko borin ƙwai a fara nuna wa likita.

Roƙonmu ga masu hali a cikinku kaɗan ne. Allurar da mutum ke yi wa kansa, irin su EpiPen, tana da tsada da wuyar samu a nan, amma adirenalin na kwalba ba shi da tsada. Idan za ku kai gudummawa ƙananan asibitocin unguwanninku da ɗakunan shan magani na makarantun kwana, ku tambaya ko suna da shi, ko wa'adinsa bai ƙare ba, kuma ko akwai ma'aikacin da ya san adadin da ake yi wa yaro.