Minshari Da Ciwon Haƙori: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Jama'a, mu a wurinmu in mutum yana minshari sai a ce gajiya ce, ko a mai da abin raha. To, akwai minsharin da cuta ne. Alamarsa ita ce mutum yana cikin jan minshari sai ka ji tsit, kamar an shaƙe shi, can sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska. Likitoci suna lissafa tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. In ta kai sau 5 a awa ɗaya an shiga ciwon, in ta kai sau 30 ya yi tsanani. Ya fi kama maza, da masu ƙiba da kaurin wuya, da waɗanda shekaru suka fara ja.

Wani zai ce, to ina ruwan haƙori? Da ruwansa. Mai wannan ciwo yawanci da baki buɗe yake kwana, miyau ya bushe. Shi kuwa miyau shi ke wanke baki, yana kashe tsamin da ke cin haƙori. In babu shi sai kogon haƙori, da kumburin dasashi, da warin bakin da asuwaki ba ya raba ka da shi. Na biyu, da yawansu suna gurza haƙora cikin barci ba su sani ba, har turame su goge ko su tsage, a tashi da ciwon muƙamuƙi da ciwon kai. Na uku, ƙwannafin dare yakan zo tare da ciwon, ruwan tsamin ciki ya hauro ya ci farin ɓawon haƙori. Shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa.

Ka ga ke nan sai mutum ya yi ta biyan kuɗi ana cire masa haƙori ɗaya bayan ɗaya, alhali tushen abin yana maƙogwaro. Kuma ba a haƙori ya tsaya ba. Yana da hannu a hawan jini, yana sa gyangyaɗi da rana. Direbobinmu masu hanyar Arewa, ku ji da kyau: goro yana ɓoye barci ne kawai, ba ya biyan bashinsa.

Magani akwai. A rage ƙiba, a bar taba, a daina kwanciya rigingine a koma gefe. Akwai na'ura mai hura iska ta hanci da ake kira CPAP, wadda wani likita, Colin Sullivan, ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Akwai kuma abin da likitan haƙori ke aunawa ya yi maka, ka sa a baki da dare, ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba don iska ta samu hanya.

Mai ciwon ba ya jin kansa, sai na kusa da shi. Iyayenmu mata, in kun ji numfashin maigida yana tsayawa ku faɗa masa, ba rashin kunya ba ne. Ku ma masu kwana ɗaki ɗaya a gidan baƙi haka. Wanda aka faɗa wa kuma kada ya yi fushi, ya je asibiti, ya gaya wa likitan haƙorinsa yadda yake barci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.