Ma'aunin Zafi Mai Ƙidaya Biyu

Yau maganarmu a kan ma'aunin zafi ce, ɗan gilashin nan da malamin gona yake ratayewa a ɗakin ajiyar iri.

Ku dube shi da kyau. Galibi lambobinsa gefe biyu ne, gefe ɗaya an rubuta C, ɗayan F. Zafin ɗaya ne, ƙidayar ce ta bambanta, kamar mudu da tiya. C, watau Salsiyos, da shi muke aiki a nan. F, watau Farenhait, mutanen Amurka suka riƙe shi. A ƙidayar C ruwa yana ƙanƙara a 0, ya tafasa a 100. A ƙidayar F kuwa, 32 ne da 212.

To, in naka F kaɗai gare shi fa? Ka ɗebe 32, abin da ya saura ka riɓa shi sau 5, ka raba gida 9. Misali ya nuna 95. Ɗebe 32, saura 63. Sau 5, 315. Raba gida 9, 35 ke nan. Ɗanka ɗan makaranta ya iya wannan.

Ku riƙe 35 ɗin nan. Auduga tana son rana, amma in zafi ya daɗe bisa 35, furanni sukan zube. Angurya kuma, in ta sha zafi da laima a ɗakin kwano, tsironta yakan ragu. In ma'auni ya kai nan, ku mai da buhunan iri wuri mai sanyi, busasshe, bisa katako.

Kada a rataye ma'auni a rana. A inuwa ake karanta shi.