Yadda Za Mu Taimaki 'Ya'yanmu Su Tara Kalmomin Turanci

 

Yau ba za mu buɗe littafin karatu ba tukuna. Akwai wata magana da wani dattijo daga cikinku ya kawo mini makon jiya, bayan an tashi daga aji. Ya ce, "Malam, yaron nan nawa ya gama sakandare. Riɗina na sayar na yi masa hidimar jarrabawa. Sakamako ya fito, an ce ya ci lissafi, ya ci Hausa, ya ci ilmin addini, amma ya faɗi Turanci, wai don haka ba inda za shi. To, ni da sai bana na san baƙi da wasali, me zan yi wa ƙanensa da ke tafe?" Na ce masa, "Baba, ka bari in amsa a gaban jama'a, gama ba kai kaɗai ke da wannan ciwo ba."

Da farko ku san abin da ya sa Turanci ya zama ƙyaure. Yaron da ya gama aji 6 na sakandare yakan zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Jami'a ba ta karɓarsa sai ya sami kiredit a darussa 5, kuma lalle Turanci yana cikinsu. Sa'an nan sauran darussan ma, in ka ɗebe irin su Hausa da Larabci, da Turanci ake yin tambayoyinsu. Yaro yana iya sanin amsa sarai, amma kalma ɗaya a cikin tambaya ta kulle masa kai, ya rubuta abin da ba a tambaye shi ba. Haka abin yake ga kowa, ko ɗan ƙauye ko ɗan birni, ko wanda ke kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatunsa.

To, kalmomi nawa yaro ke bukata? Masana sun ƙidaya. Wani Bature, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 a 1953, waɗanda su ne aka fi amfani da su yau da kullum. Da su mutum zai yi ciniki, ya tambayi hanya, ya rubuta gajeriyar wasiƙa. Amma a 2006 wani malami na ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da yawan tuntuɓe ba yana bukatar gidan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Tsakanin 2,000 da 9,000 ɗin nan, nan ne 'ya'yanmu ke faɗawa rami.

Na ga waɗansu sun riƙe baki. Kada abin ya ba ku tsoro, mu yi lissafi tare. In yaro ya koyi kalma 5 kowace rana, kwana 300 a shekara, ya sami 1,500. A shekara 6 na sakandare ya sami 9,000. Ban ce duka za su zauna masa ba, waɗansu za su zube. Amma kun ga aikin ba na wata guda kafin jarrabawa ba ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Kun ji na ce "gidan kalmomi". Wannan ita ce babbar maganata yau, sai ku kasa kunne. Kalmomi ba su zama ɗai-ɗai, dangi gare su kamar mutane. Ku dubi Hausarmu. Daga noma muka sami manomi da manoma. Daga ɗinki muka sami maɗinki, daga ƙira muka sami maƙeri da maƙera. Daga karatu kuwa ga makaranta, ga makaranci. Ba wanda ya zaunar da ku ya koya muku waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kun san uwar, sai kuka gane 'ya'yan. Turanci ma haka yake. Abin da muke yi da "ma" a goshin kalma, su da "er" suke yinsa a wutsiya: farm noma, farmer manomi, teach koyarwa, teacher mai koyarwa. In sun sa "un" a gaba, sun juya ma'anar: happy mai farin ciki, unhappy marar farin ciki.

Manyan kalmomin da ke firgita yara kuwa, galibinsu Turawan Ingila aro su suka yi daga tsofaffin harsuna biyu, Latin da Girkanci, kamar yadda muka aro alƙalami da littafi daga Larabci. Ga misali ɗaya. A Latin, guntun nan "port" yana nufin ɗauka. "Ex" waje, "im" ciki, "trans" ƙetare. Riɗin da ake fitarwa daga Jigawa zuwa ƙasashen waje, wannan export ne. Kayan da ake shigo da su, import. Motar da ta kwashe su daga wani gari zuwa wani, transport. Ɗan dako, porter. Rediyon da za ka rataya ka tafi da shi gona, portable. Kun gani? Guntu ɗaya ya buɗe ƙofa 5. Yaron da ya san maigida, ba ya ɓata a cikin gidan.

Ni kaina ban san haka ba sa'ad da nake ɗalibi. Na sami wani tsohon ƙamus, na riƙa tsintar dogayen kalmomi ina haddacewa, don abokaina su ce na iya. Ran jarrabawa na zuba su cikin rubutuna kamar mai zuba gishiri ba awo. Na fito ina murna. Da sakamako ya zo, na faɗi, sai da na sake shekara guda a gida. Daga baya na gane mai duba takarda ba dogon Turanci yake nema ba, kalmar da ta dace da wurinta yake nema. Ku da kanku kun san wannan. Muna cewa ƙaton bunsuru, muna cewa makekiyar gona. In wani ya ce makeken bunsuru, ai dariya za ku yi, ko da yake duka girma ake nufi. Saboda haka kada yaro ya rubuta kalma tsirara. Ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki, don ya san da wa take tafiya.

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Me wanda bai ji Turanci ba zai yi?

Abu na farko, ku sani kuna da dukiyar da yaron ba shi da ita. Wani Bature, Bargery, ya yi shekaru yana yawo ƙasar Hausa yana tattara kalmomi daga bakin manoma da maƙera da mahauta, ya buga ƙamus a 1934 mai kalmomi wajen 39,000. Daga bakin irinku ya samo su. Jarrabawar Turanci kuwa tana da sashen da ake tambayar kalmomin sana'o'i, kamar na noma, da na asibiti, da na kotu, da na sufuri. To, kai ne malami a nan. Kuna cikin gona, ka ce, "Kai, yaya ake cewa kunya da Turanci? Huɗa fa? Sussuka fa? Shiƙa fa? Rumbu fa?" In ya ce threshing ga sussuka, winnowing ga shiƙa, granary ga rumbu, madalla. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, to, ga aikin gobe ya samu. Da kun koma gida ka rubuta masa kalmar Hausar da hannunka, tun da yanzu ka iya, ya kai wa malaminsa ko ya duba ƙamus. Ke ma Inna, haka za ki yi da 'yarki a gindin murhu: tankaɗe, talge, rude, turmi, taɓarya.

Na biyu, littafin rubutu guda, na kalmomi kaɗai. Kuɗinsa bai kai na goron mako ba. Amma rubutawa ba ta isa ba, sai da bita. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya gwada kansa, ya buga abin da ya gano a 1885: mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da kwanakin farko bayan an koyi abu, sa'an nan ta rage sauri. Alarammomin tsangayunmu ba su jira shi ba, tun dā sun san in ba tilawa hadda zubewa take yi. Kalmar da yaro ya rubuta yau, ya duba ta gobe, ya sāke bayan kwana 3, bayan mako, bayan wata. Kai ka riƙe littafin, ka karanta gefen Hausa, shi ya ba da na Turanci. Ba ka jin amsar, amma kana ganin idonsa, kuma kana iya duba ko haruffan da ya rubuta a ƙasa sun yi daidai da na cikin littafi.

Na uku shi ne karatu, kuma ya fi sauran duka. Kalma ba ta zama ta yaro sai ya gamu da ita sau da yawa a wurare dabam-dabam, wannan kuwa sai a cikin littafi. Ya fara da mai sauƙi wanda labarinsa ke kusa da gida. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia, aka buga a 1960, da Burning Grass a 1962, labarin Fulani makiyaya. In ya ƙware, ya hau Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958. Ga ma'auni: in a shafi guda kalmomin da bai sani ba sun fi yatsun hannu biyu, littafin ya yi masa nauyi tukuna, a sauya masa. In ya karanta, bayan sallar isha'i ku ce ya ba ku labarin da Hausa. Wanda ya gane zai faɗa tiryan-tiryan. Wanda bai gane ba zai yi ta kame-kame, ba sai an gaya muku ba.

Game da ƙamus, akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1965, ya isa mafari. Ɗan aji 4 zuwa sama ya kamata ya saba da na Turanci zalla. In gida ɗaya ba zai iya saye ba, gida 3 su haɗa kuɗi. Wayar hannu ma ana sa mata ƙamus. Amma fa ku sa ido, don na sha ganin yaro ya ce ƙamus yake dubawa, ashe ƙwallo yake kallo.

Saura abu guda, kuma da iyaye mata nake. Duk wannan yana bukatar rabin sa'a da fitila. Yarinyar da ta dawo daga makaranta ta ɗauki talla, ta dawo ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, barci ne zai kwashe ta a kan littafi. Jarrabawar da za a ba yayanta ita za a ba ta, ba a rage mata ko tambaya ɗaya. Ku ba ta rabin sa'ar nan.

To, ga aikinku kafin aji mai zuwa. Kowa ya rubuto kalmomi 10 na sana'arsa da Hausa, manomi na gona, mahauci na fawa, mai ƙuli-ƙuli na matsar mai. Ku bar fili a gaban kowace kalma, ɗanku ko 'yarku ta cike da Turanci. Wanda ba shi da ɗa a sakandare ya ba na maƙwabci. Ku kawo mini in duba rubutunku da nasu gaba ɗaya. Yanzu kowa ya ɗauko fensirinsa, mu buɗe inda muka tsaya.