Damisar Roba a Kan Tebur



Da aka nemi in yi magana a kan abin da nake cinye lokacin hutuna da shi, sai da na yi ɗari-ɗari, domin na san ba za a rasa mai cewa ga ƙato da gemunsa ya zauna yana wasan yara ba. To, ban musa ba. Duk wanda ya taɓa fere kara ya ƙera mota yana yaro ya san daɗin abin. Sai dai nawa a kwali yake zuwa: ɗaruruwan gutsattsarin roba, ka yanke su da reza, ka goge da samfefa, ka liƙa da gam, ka shafa fenti, har tankar yaƙi ta bayyana a gabanka.

Wadda na fi haɗawa ita ce Tiger ta farko, wato Damisa, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel na ƙasar Jamus daga Agustan 1942 zuwa Agustan 1944, lokacin Yaƙin Hitila. Nauyinta ya kai tan 57, kaurin sulken gabanta milimita 100, bakin igwarta milimita 88, kuma mutum biyar ke aiki a cikinta. Samfurin da muke haɗawa kashi ɗaya ne cikin 35 na girmanta, wajen santimita 24 ke nan har da igwar. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni tun daga 1961, kuma asalinsa ba wani zurfin ilmi ba ne, so aka yi cikin tankar ya ɗauki batir da ɗan inji.

Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne, hannu yakan gano abin da ido ya tsallake. Zanen da ke bayan kwali kullum yana nuna Damisa tana ratsa hayaƙi, ba mai iya tare ta. Amma ka zauna ka haɗa ƙafafunta tukuna. Irin ta farko tana da taya 24 a kowane gefe, an jera su suna shiga tsakanin juna, kuma kowace sai ka zagaye bakinta da baƙin fenti. Ranar da na gama jerawa na ga na juya wata ta can ciki, sai da na ɓalle na waje da dama kafin na kai gare ta. A nan ne na fahimci wahalar makanikan da suka yi wannan aiki da ƙarfe na gaske. A Rasha laka takan cika tsakanin tayoyin, sanyin dare ya daskarar da ita, gari ya waye tanka ta kasa motsi. Idan za a ɗora ta a jirgin ƙasa kuwa, sai an cire tayoyin waje an sauya mata sarƙa marar faɗi. Guda 1,350 ko kusa da haka aka iya ƙerawa, alhali Amurka ta fitar da Sherman wajen 49,000.

Haka kuma aikin ba ya yafe sakaci da kwanan wata. Kafin Fabrairun 1943 launin toka mai duhu ake shafa musu, daga nan aka koma rawaya mai duhu. Akwai kuma wani shafe mai tsaga-tsaga da ake kira Zimmerit, don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, wanda aka fara a ƙarshe-ƙarshen 1943 aka daina a Satumban 1944. Ni da kaina na taɓa haɗa launin toka da wannan shafe a tanka guda, na ƙera abin da bai taɓa wanzuwa ba.

To, tun da muna tsananta wa kanmu a kan launi, bai kamata mu yi sassauci a kan abin da ya fi launi nauyi ba. Mulkin 'yan Nazi wannan tanka ta yi wa aiki, kuma cikin waɗanda suka yi gumi a masana'antar Henschel akwai dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye aka sa su aikin tilas. Wannan ba ya cikin takardar umarnin da ke cikin kwali. Na sha ganin masu wannan sha'awa da suka haddace lambar kowace runduna, amma in ka ambaci waɗannan bayin Allah sai su ce ka kawo siyasa. A ganina wanda ya yi haka bai gama haɗa samfurinsa ba.

Wadda na kawo muku yau kwaikwayon Tiger mai lamba 131 ce, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya cikin Afrilun 1943. Tana gidan tarihin tankoki na Bovington, kuma ita kaɗai ce irinta da injinta ke tashi. A ƙarƙashin samfurin na manna 'yar takarda mai ɗauke da sunan masana'antar da bayanin waɗanda aka tilasta wa aiki a cikinta. Za a zagaya da ita yanzu. Don Allah a riƙe ta ta katakon ƙasa, kada a kama igwar.